Gwajin Shayi Mai Zare a Makarantarmu

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ba sai an gaya masa darajar shayi ba. Ran da aka yi tuwon da bai nuna ba, ko wake ya sha ruwa, shayi da burodi ne ke rufa wa ɗalibi asiri. Da hunturu kuwa, in an kaɗa ƙararrawar asuba, babu abin da ke dawo da ran mutum jikinsa kamar kofin shayi mai zafi. Saboda haka a akwatin kowannenmu, kusa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da wuya a rasa kwalin shayi mai zare, watau wanda ake ƙunshe ganyensa a 'yar takarda a maƙala masa zare. Shi ne muke kira Lipton, ko da kuwa ba kamfanin Lipton ne ya yi shi ba.

A 'yan shekarun nan kantuna sun cika da irin wannan shayi kala-kala. Akwai mai lemun tsami, da mai citta, da mai na'a-na'a, da mai kirfa, har da na waɗansu 'ya'yan itatuwa waɗanda ko a mafarki ba mu taɓa ganinsu ba. Kowane kwali da hotonsa mai ɗaukar ido, kowanne kuma da kuɗinsa. Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne yadda muka ɗanɗana iri takwas muka ba su maki, da abin da muka gano. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu biyan kuɗin za su amfana.

Mafarin zancen

A ƙarshen hutun da ya wuce na bi mahaifina kanti sayen kayan komawa makaranta. Can na hango wani jan kwali da hoton sitiroberi a jikinsa. Ƙanshinsa har ta cikin leda yana fitowa. Na ce, "Baba, wannan nake so." Ya ɗauka ya juya, ya dubi kuɗin, ya ce, "Kai kuwa, wannan ai kuɗinsa ya sayi na kullum kwali uku. Me ke cikinsa?" Na ce, "Baba, na ƙasar waje ne." Bai ƙara cewa komai ba, ya biya. Mahaifina tela ne, kuma mu biyar yake ɗaukar nauyin karatunmu, amma a lokacin ban yi wannan tunani ba.

Da muka dawo makaranta sai na yi ta fariya da kwalin nan a ɗakin kwana. Wani abokina ɗan Kachiya, wanda gadonsa ke sama da nawa, ya ce shayinsa na kullum in ya jefa masa cittar gonar gidansu ya fi nawa nesa ba kusa ba. Musu ya yi zafi har ɗaki ya rabu biyu. Shugaban ɗakinmu ya gaji da hayaniya, ya kai mu wurin malaminmu na kimiyya. Malam ya saurare mu, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗaga murya ba ya yanke musu. Gani ya kori ji. Kowa ya kawo irin nasa ran Asabar, mu auna. Amma kafin nan ku tafi ɗakin karatu ku binciko mini mene ne shayin kansa." Ga abin da muka samo.

Mene ne shayi?

Shayi ganyen wata 'yar bishiya ce wadda masana ilmin tsirrai ke kira Camellia sinensis. Asalinta ƙasar Sin ne, kuma tana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa. Sabon toho da 'yan ganyayen da ke kusa da shi ake tsinka. Ƙasar Sin ce ta fi kowace noma shi, sai Indiya, sa'an nan Kenya. A Kenya ana noma shi sosai a yankin Kericho, kuma a Mombasa ake babbar kasuwar gwanjonsa. Mu ma a Nijeriya muna da namu: ana noman shayi a Kakara da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ana sayar da shi da sunan Highland Tea.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne baƙin shayi da koren shayi duk ganyen bishiya ɗaya ne. In ana son baƙi, sai a bar ganyen ya yi yaushi, a murza shi, a bar iska ta shige shi har ya rine, kamar yadda goro ke canja launi in an ɓare shi an ajiye, sa'an nan a busar. In kore ake so, da an tsinko sai a turara shi ko a gasa shi sama-sama, don kada ya rine.

Har sunayen da muke kiransa da su daga ƙasar Sin suka taso. Yawancin mutanen Sin suna ce masa ca. Wannan suna ya bi hanyar fatake ya iso ga Larabawa ya zama shay, mu kuma muka karɓa muka ce shayi. Mutanen wani yanki na bakin teku kuwa suna ce masa te. Wannan ya bi jiragen ruwa zuwa Turai, Turawan Ingila suka kawo mana shi, shi ya sa har yanzu tsofaffi kan ce za su sha ti.

Yadda aka fara ƙunshe shi

A dā ganye ake zubawa a buta a tace, kamar yadda masu shayin bakin titi da yawa suke yi har gobe. A 1901 waɗansu mata biyu na birnin Milwaukee a Amurka, Roberta Lawson da Mary Molaren, suka nemi a yi musu rajistar wata 'yar jakar ganyen shayi da suka ƙirƙiro, aka ba su a 1903. Ana kuma ba da labarin wani ɗan kasuwa a New York, Thomas Sullivan, wanda wajen 1908 ya riƙa aika wa masu sayen kayansa samfurin shayi cikin 'yan jakunkunan siliki, su kuwa sai suka riƙa tsoma jakar gaba ɗaya cikin ruwan zafi. A Ingila kamfanin Tetley ne ya fito da shayin ƙunshi a 1953. Shi kuwa Thomas Lipton, wanda muke kiran sunansa kullum, ɗan kasuwa ne mutumin Gilasgo, wanda ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon a 1890. Tsibirin nan shi ne aka sake wa suna Siri Lanka a 1972.

In ka yaga ƙunshin baƙin shayi ba za ka ga ganye sosai ba, sai ɗan tsaki-tsaki ko gari. Dalili shi ne wajen 1930 aka ƙirƙiro wani inji a yankin Asam na Indiya wanda ke murƙushe ganyen, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Ƙaramin tsaki ya fi saurin sakin launi da ƙarfi a ruwa, shi ya sa ya dace da mai sauri. Amma kuma ya fi saurin rasa ƙanshinsa in ya daɗe a ajiye, ya kuma fi saurin yin bauri in ya daɗe a ruwa. Abin da ke cikin ƙunshi ɗaya bai cika wuce giram 2 ba.

Harshe da hanci

Ran Juma'a da yamma Malam ya ƙara mana wani darasi. Ya ce harshe abu biyar kaɗai yake ganewa: zaƙi, da tsami, da gishiri, da ɗaci, da kuma irin ɗanɗanon nan na romon nama ko daddawa. Sauran duk abin da muke kira daɗin lemu ko daɗin kirfa aikin hanci ne, domin in abu yana baki ƙanshinsa na hawa ta bayan maƙogwaro ya isa hanci. Shi ya sa mai mura kan ce abinci ya yi masa salam. Bauri kuwa, irin na goro ko na ɗanyen dabino, ji ne na bushewar baki, wanda wani sinadari mai suna tanin ke jawowa.

Masu yin shayi mai ƙanshi sun san wannan sarai. Hanya biyu suke bi. Ko dai su haɗa ganyen da ainihin abin, kamar busasshiyar citta ko ɓawon kirfa, ko kuwa su sa masa ruwan ƙanshi wanda aka tatso daga tsiro ko aka harhaɗa a masana'anta. Sau da yawa sukan haɗa duka biyun. Akwai kuma waɗanda babu ganyen shayi ko ɗaya a cikinsu, sunan kawai suka ara.

Yadda muka shirya gwajin

Malam ya gaya mana cewa ɗanɗana shayi sana'a ce sosai, har hukumar tsara ma'auni ta duniya, watau ISO, ta fitar mata da ƙa'ida a 1980. Ƙa'idar ta ce a sa giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, cikin farin tangaran, a rufe minti 6. Wannan ya yi ƙarfi ƙwarai, na masu sana'a ne. Mu dai muka bi yadda ake sha a gida: ƙunshi ɗaya ga mililita 200, minti 4 daidai da agogo.

Ran Asabar bayan duba tsabta muka taru a bayan ɗakin girki. Muka roƙi Baba mai dafa mana abinci, ya tafasa mana ruwa a tukunyar da ba a taɓa yin miya a cikinta ba. Mu bakwai ne masu ɗanɗanawa, da magatakarda ɗaya. Irin shayin takwas ne: mai lemun tsami, mai citta na kwali, mai na'a-na'a, mai kirfa, wanda ake kira Earl Grey, nawa mai sitiroberi, na kullum zalla, sai kuma na kullum wanda aka jefa wa ɗan dakakken yankin cittar abokina. Malam ya cire alamar da ke jikin kowane zare, ya ba kowanne lamba, shi kaɗai ya san sirrin.

Kafin a fara, ya miƙa mana kwalayen mu sansana, kowa ya faɗi wanda yake zaton zai ci. Shida daga cikin bakwai suka zaɓi nawa. Kaina ya ƙara girma.

Daga nan aka ɗaure mana idanu da ƙyalle. Kowane shayi sai ka kurɓa sau ɗaya hancinka a toshe, sa'an nan ka saki hancin ka sake kurɓa. Babu sukari, babu madara, babu magana. Tsakanin wani da wani sai a kurkure baki da ruwa a ci ɗan gutsuren burodi. Abu huɗu muka ba maki, kowanne maki 5: ƙanshi, da ɗanɗano, da abin da ya saura a baki bayan an haɗiye, da kuma launi. Da yatsu muke nuna maki, magatakarda yana rubutawa, don haka ba wanda ya san abin da na kusa da shi ya bayar. Launi sai a ƙarshe aka duba, bayan an kwance idanu.

Sakamako

Ga matsakaicin makin da kowanne ya samu cikin 20:

Na kullum da cittar gida, 17
Mai na'a-na'a, 15
Mai citta na kwali, 14
Na kullum zalla, 13
Mai kirfa, 12
Earl Grey, 11
Mai lemun tsami, 10
Mai sitiroberi, 8

Na kullum da cittar gida shi ne ya zo na ɗaya. Ko hanci a toshe ana jin yajinsa a harshe da maƙogwaro, kuma ɗuminsa yana daɗewa a ƙirji. Ƙarfin shayin bai ɓace ba, cittar ma ba ta ɓace ba. Malam ya ce busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji, domin bushewa da zafi suna juya sinadarin yajinta ya koma wani wanda ya fi shi ƙarfi. Abokina ya ƙara da cewa Kachiya da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna su ne gidan citta a ƙasar nan, kuma tun da wata cuta ta lalata gonakinsu a 2023 suka ƙara sanin darajarta.

Mai na'a-na'a bai da kyan gani, ruwansa fatsi-fatsi ne, amma ya burge mu. Da ka haɗiye ka ja numfashi sai ka ji sanyi a baki, alhali ruwan da zafinsa. Wannan aikin wani sinadari ne mai suna mentol, wanda ke taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi. Shi ne kuma wanda ya fi shayuwa ba sukari.

Mai citta na kwali ba shi da laifi, sai dai in aka jera shi da na gida kamar ƙane ne gaban wansa. Ƙanshin ya iso, yajin ya tsaya a hanya. Na kullum zalla kuwa ba wanda ya yabe shi ƙwarai, ba kuma wanda ya kushe shi. Launinsa ja ne mai duhu, da ɗan bauri daidai misali.

Mai kirfa ya yaudari mutum uku, suka rantse an sa masa sukari. Ba a sa ba. Kirfa ɓawon itace ce, kuma ƙanshinta ne ke sa mutum ya ji kamar akwai zaƙi. Da hanci a toshe kuwa, ba mu iya raba shi da na kullum ba.

Earl Grey shi ne ya fi raba kawunanmu. Wani ya ba shi 18, wani ya ba shi 5 ya ce kamar an wanke kwalbar turare a ciki. Baƙin shayi ne wanda aka sa wa man ɓawon wani irin lemu mai suna bagamot, wanda aka fi nomawa a kudancin Italiya. Sunan kuwa na wani firayim ministan Birtaniya ne, Charles Grey, wanda ya yi mulki daga 1830 zuwa 1834. A nan muka tabbatar da cewa abincin wani gubar wani.

Mai lemun tsami ya ba mu kunya. Ƙanshin lemu kamar me, amma tsami babu. Malam ya matsa ainihin lemun tsami cikin shayi na kullum, nan take launinsa ya washe ya koma haske, domin tsami na canja launin shayi. Wanda muka gwada na kwali launinsa yana nan da duhunsa. Watau ƙanshin ɓawo aka sa masa, ruwan lemu bai shiga ba.

Saura nawa. Da aka miƙo mini lamba shida, ido a ɗaure, hanci a toshe, na kurɓa, sai na manta da dokar hana magana na ce, "Malam, wannan ai zoɓo ne ba sukari!" Na ji Malam yana dariya ƙasa-ƙasa. Da na saki hanci sai ƙanshin nan da na sani ya bugo ni, gabana ya faɗi. Amma na riga na ji abin da na ji: tsami ne tsagwaronsa, ƙanshin kuma da an haɗiye ya wuce. A launi kaɗai ya ci maki sosai, don ja ne wur.

Abin da ke cikin ƙunshin

Bayan an gama, muka yaga ƙunshi ɗaya-ɗaya a kan farar takarda. Cikin nawa babu ganyen shayi ko ƙwaya. Jajayen ɓarɓashi ne da waɗansu farare-farare. Malam ya ce in juya kwalin in karanta jerin kayan haɗi, ya kuma koya mana cewa ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa, a ƙare da wanda ya fi ƙanƙanta. Kalmar farko ita ce hibiscus. Muka duba ƙamus, ashe zoɓo ne. Bayansa busasshen tuffa, sa'an nan kalmar flavouring, watau ruwan ƙanshi. Sitiroberin da aka cika kwali da hotonsa shi ne can a ƙarshe.

Don ya ƙara tabbatar mana, Malam ya jefa 'yar kanwa cikin sauran, sai jan nan ya rikiɗe ya yi duhu shuɗi-shuɗi, daidai yadda zoɓo ke yi. Ya zuba madara cikin wani kofin, nan da nan ta tsinke ta yi gudaji saboda tsami. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tun farkon zango nake fama da tsinkewar madara, ina ɗora wa madarar laifi.

Wani ɗan ajinmu mutumin Jigawa ya ce su wannan ba baƙon abu ba ne. A wajen Maigatari ana tara busasshen zoɓo buhu-buhu, a loda a manyan motoci, a fitar da shi ƙasashen waje irin su Meksiko da Jamus. Ba mamaki zoɓon da na sa mahaifina ya saya da tsada ɗan ƙasarmu ne, ya je yawon duniya ya dawo da sabuwar riga. Mahaifiyata kuwa da kwano take sayensa a kasuwa.

Mun sake zagaye na biyu da sukari cokali ɗaya. Kusan kowanne ya ƙaru, nawa ma ya tashi, tun da zoɓo da sukari abokan juna ne. Da muka sa cokali uku da madara, irin haɗin da muka saba, sai duk baƙaƙen suka zama kusan abu ɗaya. Wannan ya nuna mana cewa yawancinmu sukari da madara muke sha, shayin rakiya kawai yake yi. In haka ne kuwa, mai sayen na tsada ya yi asarar kuɗinsa sau biyu.

Ba na cewa hukuncinmu ya hau kan kowa. Harshe bakwai ba su ne Nijeriya ba, kuma dukanmu da citta aka yaye mu, dole ta fi kwanta mana. Ba na kuma cewa an cuce ni, domin gaskiyar abin tana rubuce a bayan kwalin. Ni ne na tsaya kallon hoto ban juya ba.

Shawara ga 'yan'uwa da iyaye

Na farko, kafin a sayi kwali a juya bayansa. A duba abin da aka fara rubutawa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar da zai lalace. A kuma ƙirga ƙunshi nawa ne a ciki, a raba kuɗin, a ga nawa kofi ɗaya ya tsaya.

Na biyu, a ba baƙin shayi tafasasshen ruwa, a bar shi minti 3 zuwa 5, sa'an nan a cire. Barinsa cikin kofi har a gama sha, ko matse shi da cokali kamar ana tatsar saniya, bauri kawai yake ƙarawa. Koren shayi kuwa ba ya son ruwa mai tafasa, a bari ya ɗan huce.

Na uku, ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. Wani a ɗakinmu ya ajiye nasa tare da sabulun wanka, sati guda yana shan shayi mai ƙanshin sabulu. A sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da man shafawa.

Na huɗu, baƙin shayi da kore suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, na baƙin wajen rabin abin da ke cikin gahawa, na koren kuwa bai kai haka ba. Masu shan kofi uku da dare lokacin jarrabawa su ne masu gyangyaɗi a aji da safe. Na'a-na'a zalla da zoɓo da citta zalla ba su da shi. Har ila yau, tanin ɗin da ke cikin shayi yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, wanda jiki ke bukata wajen yin jini. Ya fi kyau a bar kamar awa ɗaya tsakanin cin wake da shan shayi.

Na biyar, a yi hattara da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babban mutum zai sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali 12, in ma an tsaya a 6 ya fi. Mai sa cokali huɗu safe da yamma ya ga inda ya kwana, tun bai taɓa lemun kwalba ba.

Na ƙarshe, wanda ke son shayi mai ƙanshi ya sayi na kullum, ya nemi citta da kanumfari da kirfa a wurin mai kayan yaji, da lemun tsami ɗaya. Ba sa cin wuri a akwati, kuma kai ne za ka sa daidai yadda kake so.

Ranar ziyara mahaifina ya zo. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, shayin naka na ƙasar waje ya ƙare ne, a ƙaro?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ashe zoɓo ne." Na kwashe labari duka na gaya masa. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, ai kuɗin bai tafi banza ba, tun da ka sayi hankali da shi." Cikin kayan da ya kawo mini akwai kwalin na kullum, da ƙullin citta da kanumfari daga wurin Inna. Abokina ɗan Kachiya kuwa na ba shi haƙuri gaban 'yan ɗaki, yanzu tare muke haɗa shayinmu.

Daga ƙarshe ina godiya ga malaminmu na kimiyya, da Baba mai girki, da 'yan'uwan da suka ba da harshensu aro. Duk wanda bai yarda da sakamakonmu ba, ga hanya nan na bayyana, ya tara abokansa su gwada, su aiko wa wannan mujalla abin da suka samu. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon tausaya musu, amin.